“Ina Kwana?”: Daren Matasa Masu Ciwon Suga a Ƙasar Kazaure da Babura

Bahaushe ba ya shiga yini sai ya tambayi dare. “Ina kwana?” “Lafiya lau.” “An tashi lafiya?” “Alhamdulillahi.” Amsar a bakin kowa take, ko da mutum bai runtsa ba. A wasu gidaje na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura kuwa, akwai samari da 'yammata 'yan shekara 13 zuwa 18 da wannan “lafiya lau” ta zame musu al'ada kawai. Su ne masu ciwon suga nau'i na ɗaya, irin wanda mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin kullum. Da rana suna cikin tsaransu, suna zuwa makaranta da gona da talla. Da dare ne ciwon yake nuna musu ainihin halinsa.

Ga yadda irin wannan dare yake tafiya a gidaje da dama. An yi sallar isha'i, an ci tuwo, yaro ya yi allurar dare. Kafin sha biyu ya tashi fitsari sau biyu, maƙogwaro ya bushe, ya sha ruwa, ruwan ya sake tayar da shi. A wani daren kuma akasin haka ne: tuwon bai ishe shi ba, ko ya wuni yana buga ƙwallo, sai wajen ƙarfe biyu ya farka sharkaf da gumi, jiki na rawa, zuciya na dukan uku-uku. Da asuba a tashe shi salla, ya wuce makarantar allo, daga nan sai boko. A aji ya kifa kai a kan benci, malam ya ce malalaci ne. A gida a ce ya cika fushi, ba a san abin da ya shiga kansa ba. Ranar asibiti a duba lambar suga, a ce ta yi yawa, a yi masa faɗa. A duk wannan zagaye, da wuya a sami wanda ya tambaye shi sa'a nawa ya yi barci.

Ciwon da aka ɗauka na tsofaffi ne

Abin da jama'a suka fi sani shi ne sugan manya, wanda ake danganta shi da ƙiba da shekaru da zaman hutu, har ana yi masa laƙabi da ciwon masu kuɗi. Nau'i na ɗaya daban yake. Garkuwar jiki ce take juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Shan zaƙi bai jawo shi ba, sakacin uwa bai jawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Alamominsa su ne yawan fitsari, ƙishirwa marar yankewa, rama duk da cin abinci, da gajiya. A karkara sau da yawa uwa ce ke fara lura da tururuwa na taruwa inda yaro ya yi fitsari, ko ta ga yaron da ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yi.

Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka yi nasarar fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, wannan ciwo hukuncin mutuwa ne. Mutum na farko da aka yi wa allurar, a Janairun 1922, matashi ne ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson. Shekara ɗari bayan nan, wani babban ƙiyasi da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa mutum miliyan 8.4 ne ke ɗauke da ciwon a duniya a shekarar 2021. Ya kuma nuna wani rata mai tayar da hankali: yaro ɗan shekara 10 da ciwon ya kama a ƙasa mai arziki zai iya sa ran ƙarin shekara 65 a duniya, takwaransa a ƙasashe mafi talauci kuwa shekara 13. Insulin ɗaya ne a ko'ina. Bambancin yana wajen samunsa, da gwaji, da ilimi, da kulawar da ke kewaye da yaron.

Bayan an kashe fitila

Masana barci a Amurka sun fitar da matsaya a 2016 cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin sa'a 8 zuwa 10 a kowane dare. Matashi mai lafiya ma da ƙyar yake cika wannan, domin balaga tana jinkirta lokacin da jiki ke fara jin barci. Ga hirar dandali, ga gidan kallon ƙwallo, ga waya a hannu, sannan asuba ba ta jira kowa ba. Mai ciwon suga yana da duk waɗannan, ya kuma ƙara da ɓarayin barci guda uku.

Na farko hauhawar suga. Idan ya wuce kima a jini, ƙoda tana zubar da shi ta fitsari, ta ja ruwa tare da shi. Yaro ya kwana yana zirga-zirga tsakanin shimfiɗa da bayan gida. A gidan da banɗaki ke can ƙuryar tsakar gida, a daren hunturu ko na damina, kowace fita tana korar barci gaba ɗaya.

Na biyu faɗuwar suga, wato idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70. Marasa lafiya da yawa a ƙasarmu suna amfani da gaurayen insulin da ake yi sau biyu a rana, safe da yamma. Irin wannan allura ba ta san yau babu cefane ba. Da zarar ta shiga jiki za ta yi aikinta, a ci abinci ko kada a ci, kuma ƙarfin ta yamma yakan kai tsakiyar dare. Idan suga ya faɗi cikin barci, yaro kan yi mugun mafarki, ya yi gumi, ya yi surutai, wani ma ya shiga jijjiga. A ƙauye wannan kama ce ta abin da ake kira bugun iska, don haka wani lokaci a kama hayaƙi da tofi alhali cokali uku na sukari ne maganin.

Na uku tsoro. Wanda suga ya taɓa faɗo masa cikin dare ba ya mantawa. Wani ya ƙi kwanciya da wuri, wani ya rage allurar dare a ɓoye, wani ya cika ciki da fura mai sukari don kada abin ya maimaita. Sai suga ya hau, fitsari ya dawo. An gudu daga wannan ɓarawo an faɗa hannun wancan.

Rashin barcin kuma ba ya tsayawa a hamma da jan ido. A 2010 masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan sun gwada manya masu wannan ciwo, suka ga cewa dare ɗaya tak na barcin sa'a huɗu ya isa ya rage yadda jiki ke karɓar insulin washegari. Ga kuma sinadarin girma, wanda jikin matashi ke fitarwa da yawa cikin dare, yana tura suga sama daidai lokacin asuba. Shi ya sa yaro zai iya bin duk ƙa'idar da aka gindaya masa, ya gwada da safe ya ga lamba ta hau. Idan aka ce masa ya saci wani abu ya ci, an zalunce shi, kuma ya koyi darasin da bai kamata ba: cewa ƙoƙari da rashinsa duk ɗaya ne.

Uwa ma ba ta tsira ba. Ita ce ke tashi ta haska fitilar waya a fuskar yaro, ta taɓa goshinsa, ta saurari numfashinsa. Gidan da uwa da ɗa suka shekara ba su yi cikakken barci ba, ƙaramar magana ma faɗa take zama.

Gajiyar da ba ta jiki ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Masu ciwon suga sun fi shiga haɗari. Wani bincike da aka yi a Suwidin kan yara sama da 17,000, aka wallafa a 2015, ya gano cewa yiwuwar samun irin wannan matsala tana ninkawa uku a watanni shida na farko bayan gano ciwon, sannan ta tsaya a kusan ninki biyu a tsawon lokaci. Wannan a ƙasar da insulin ba ya yankewa ke nan, kuma asibiti na kusa da kowa.

Bayan ciwon damuwa da fargaba, akwai wani hali da masana suka ware masa suna na kansa, wanda za a iya kira gajiya da ciwo. Nazarce-nazarce sun nuna kusan ɗaya cikin uku na matasa masu wannan cuta suna fama da shi sosai. Ciwon suga ba shi da Juma'a, ba shi da Sallah. Allura biyu a rana ta haura 700 a shekara, ban da huda yatsa. Yaron da aka gano masa ciwon yana shekara 10, kafin ya gama sakandare an soke shi sau dubbai. Wata rana sai kawai ya ce “na gaji”, ya daina.

A nan haɗarin yake. Matashin da ya bar allura kwana ɗaya ko biyu, jikinsa zai koma ƙona kitse, wani sinadari mai guba da ake kira kiton ya taru a jini. Sai amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, sannan suma. Ba a maganin wannan a gida ko a kemis. Likitocin yara sun san cewa idan matashi yana yawan dawowa asibiti a wannan hali, ana duba abu biyu: ko kuɗin insulin ya gagara, ko zuciyar yaron ta karaya. Sau da yawa duka biyun ne.

Matashin Bahaushe ba zai zo ya ce “Baba, ina cikin damuwa” ba. Tarbiyyarmu ta koya masa kawaici, ta koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da zai fito fili shi ne ciwon kai, rashin cin abinci, janyewa daga abokai, faɗuwa a jarrabawa, saurin hasala, da kalmar “ba komai”. Rashin barci yakan riga su duka bayyana, kuma shi ne wanda yaro zai iya faɗa ba tare da jin kunya ba. Saboda haka tambayar barci ita ce ƙofa mafi sauƙi zuwa abin da ke zuciyarsa.

Kunya, tsegumi da watan azumi

Wani nauyin daga bakin mutane yake zuwa. Yaro ya rame, a fara raɗe-raɗin ko ƙanjamau ce. A gan shi da sirinji a bayan aji, a ce ya fara shaye-shaye. Wata ta ce sammu ne, wani ya kawo saiwa da ɗaci ya ce a jefar da allurar Bature. Addu'a da tofi ba sa faɗa da magani, amma duk wanda ya ce a dakatar da insulin, ya san cewa ran yaro ya ce a dakatar.

'Ya mace tana da nata ƙarin. Iyaye kan ɓoye ciwon don gudun kada manema su janye, ita kuma ta girma tana ganin kanta a matsayin aibin da ake rufewa. Gaskiyar magana, mace mai wannan ciwo tana aure, tana haihuwa lafiya, idan an daidaita suga kafin ciki da lokacinsa a hannun likita. Ɓoyewar ce ke jefa ta cikin haɗari, domin ranar da ta faɗi a gidan miji babu wanda ya san abin yi.

A makarantun kwana da tsangayu lamarin ya fi tsanani. Lokacin abinci ba a hannun yaro yake ba, ɗaki cike da tsara, kuma saurayin da ya jiƙa katifa sau ɗaya ya sami sunan da zai bi shi har ya gama. Wasu sukan ƙi shan ruwa da yamma, wasu su hana kansu barci, duk don gudun dariya.

Sai Ramadan. Ga matashi, kai azumi alama ce ta girma, kuma a tsakanin tsara wanda ba ya yi abin zolaya ne. Ƙa'idojin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙwararrun likitoci Musulmi, waɗanda aka sabunta a 2021, sun sa masu nau'i na ɗaya cikin waɗanda azumi zai iya yi wa illa, musamman wanda sugansa ba ya zama wuri ɗaya. Sun ce wanda ya ɗauka ya karya nan take idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, kuma huda yatsa don gwaji ba ya ɓata azumi. Shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame. Abin da yaron ke buƙata shi ne ya ji wannan daga bakin limamin unguwarsu, a gaban mutane, domin maganar likita a ɗakin duba marasa lafiya ba ta kai zauren hira.

Randa, zafi da tsadar kwalba

Babu yadda za a yi maganar kwanciyar hankali a tsallake aljihu. Tun bayan sakin darajar Naira a Yunin 2023, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. A ƙarshen shekarar kuma kamfanin Sanofi, ɗaya daga cikin manyan masu yin insulin a duniya, ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, ya koma amfani da dillali. Ga manomin gero da gyaɗa a Gwiwa ko Roni, wanda kuɗinsa na zuwa ne da kaka, kwalbar insulin da sirinji da tsinken gwaji nauyi ne na kowane wata. Yaro yana da kunne. Yana jin lokacin da aka sayar da akuya saboda shi, yana ganin fuskar mahaifinsa idan kwalba ta kusa ƙarewa. Wasu yaran da kansu suke rage adadin da aka rubuta musu don kwalbar ta daɗe.

Ajiya ma damuwa ce. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, tsakanin maki 2 zuwa 8, a yankin da zafin bazara ke haura 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. A nan akwai labari mai daɗi, kuma Jigawa na da hannu a ciki. Marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar a Dutse, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Don kayan lambu ya yi ta, amma irin wannan sanyaya ta tukunyar ƙasa ana amfani da ita wajen ajiye insulin a ƙasashe masu zafi. A 2021 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka wallafa sakamakon gwajin da ya kwaikwayi yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda suka ga insulin da ake amfani da shi bai rasa ƙarfinsa ba tsawon mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Ma'ana, kwalbar da aka sa a leda mai kyau, aka ajiye a gindin randa ko cikin irin waccan tukunya a inuwa, za ta iya kai wata. Uwar da ta san wannan ta rage abu ɗaya daga cikin masu hana ta barci.

Asibiti biyu, yaro ɗaya

Ta wata fuska, wannan yanki ya fi wasu sa'a. Akwai babban asibiti a Kazaure da Babura. Asibitin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na jihar Jigawa a Kazaure yake. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da nisan kimanin kilomita 80 daga Kazaure, ga kuma na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau a bakin shiga Kano. Matsalar ita ce tsarin kiwon lafiya, a nan da sauran wurare, ya raba yaron gida biyu: mai duba suga yana kallon lamba, mai duba ƙwaƙwalwa kuma ba ya ganin mutum sai abu ya yi nisa. Babu uban da zai ɗauki 'yarsa budurwa ya nufi inda jama'a ke kira asibitin mahaukata don kawai ba ta barci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kuwa ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi tanadin shigar da wannan kulawa cikin ayyukan asibitoci na yau da kullum. Ƙungiyar likitocin sugan yara ta duniya ma, a ƙa'idojinta na 2022, ta ce a riƙa tantance damuwa da halin rayuwar matashi a kai a kai, kamar yadda ake duba ido da ƙoda. Wannan ba ya buƙatar sabon gini. Ma'aikaciyar jinya da aka horar za ta iya keɓe yaro minti biyar, ba a gaban iyayensa ba, ta tambaye shi: Ƙarfe nawa kake kwanciya? Sau nawa kake tashi? Kana tsoron dare? Allura nawa ta wuce ka a makon nan? Me ya fi damunka? Amsoshin za su iya sa likita ya sauya lokacin allura ko adadinta, su kuma nuna wanda ke buƙatar ganin ƙwararre tun wuri.

Abin da ke hannun gida

Iyaye na da rawar da ba wanda zai taka musu. Kada yaro ya yi allurar dare ya kwanta da yunwa, musamman ranar da ya yi aikin ƙarfi. Idan tsinken gwaji ya yi ƙaranci, a fifita gwajin kafin barci. A ajiye sukari ko zuma kusa da shimfiɗa. Idan suga ya faɗi kuma yaro na cikin hayyacinsa, a ba shi ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa, a jira minti 15, sannan a bi da abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi ta gefe, a shafa zuma ko sukari a cikin kuncinsa, a garzaya asibiti. Ko zazzaɓi yake yi ba ya cin abinci, ba a dakatar da insulin sai dai likita ya daidaita shi. Ƙwayar barci ta kemis haɗari ce babba, domin tana iya hana shi farkawa lokacin da suga ya faɗi. Idan kuma ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ya huta kowa ya huta, kada a ɗauka shagwaɓa ce: babba ya karɓi ajiyar insulin ɗin, a kai shi ga likita a ranar.

Shugabannin makarantu su san ɗaliban da ke da ciwon, su ba su damar fita fitsari da cin wani abu ba tare da tozarci ba. Sarakuna da limamai a masarautun Kazaure da Ringim su yi amfani da ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, su faɗa wa jama'a cewa yara ma na kamuwa. Gwamnatin jiha kuma ta sa insulin da tsinken gwaji na 'yan ƙasa da shekara 18 cikin magungunan da take ɗaukar nauyinsu, ta kai su har ƙananan asibitocin Roni da Gwiwa.

Kafin duk wannan ya samu, akwai abin da bai fi ƙarfin kowa ba. Idan akwai irin wannan yaro a gidanku ko a ajinku, gobe da safe in ya ce “lafiya lau”, kada a wuce. A zaunar da shi a tambaye shi sau nawa ya tashi cikin dare, a kuma saurari amsar har ƙarshe.